Ruwan sama yana shiga cikin motata: ta ina zan fara nema?

Tambaya: Wani malamin makaranta daga unguwar Garin Malam a Damagaram ya rubuto cewa yana da Toyota Corolla ƙirar 2005, wadda ya saya ta hannu bayan an shigo da ita daga Turai. Tun da damina ta kankama, duk ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi sai ya tarar da kafet ɗin gaba na gefen fasinja ya jiƙe sharkaf, amma idan yayyafi aka yi ba ya ganin komai. An shafa masa silikon a kewayen gilashin gaba har sau biyu, matsalar tana nan, yanzu kuma motar ta fara wari. Yana tambaya ko ya sauya gilashin gaba ɗaya.

Amsa: Malam, shawarata ta farko ita ce ka dakata da maganar sauya gilashi, ka kuma dakata da sayen silikon karo na uku. A shekarun da na shafe ina gyaran jikin mota a garin nan, asarar da na fi gani ita ce ta mutumin da ya kashe kuɗi yana toshe wurin da ba shi da laifi, saboda ya ɗauka inda ruwa ya kwanta a nan ya shigo. Ruwa a cikin mota matafiyi ne. Yana iya shiga ta kusurwar rufi, ya bi cikin ginshiƙin da ke riƙe da gilashin gaba, ya hau kan wata waya a bayan dashbod, sa'annan ya sauka a ƙarƙashin ƙafar fasinja, nesa da inda ya fara da fiye da mita guda. Wanda ya shafa maka silikon ya ga ruwa a gaba, ya ɗaga kai ya ga gilashi, sai ya yanke hukunci ba tare da shaida ba. Ni kuwa ba na shafa komai a jikin mota sai na ga ɗigon farko da idona yana fitowa daga wurin da ake zargi.

Akwai abin da ya kamata ka fahimta game da ƙirar mota, kuma duk wanda ya taɓa zama a gidan soro a unguwar Birni ko Zango zai gane shi nan take. Magini ba ya hana ruwa sauka a kan soro. Yana karkata rufin ne yadda ruwan zai gangara zuwa indararo ya zuba waje, kuma ranar da indararon ya toshe da ƙasa da ganye, ruwan zai taru ya nemi hanya ta cikin ɗaki ko da yaɓen bana ne. Haka mota take. Masu ƙera ta sun bar ruwa ya shiga wasu wurare da gangan, wato cikin ƙofofi, da gindin gilashin gaba ƙarƙashin waifa, da kewayen murfin but, da kewayen tagar rufi ga motar da take da ita, kuma kowanne an yi masa magudanar da za ta fitar da ruwan ta ƙasa. Yawancin yoyon da ake kawo mana a Damagaram daga toshewar waɗannan magudanai yake, ba daga huda ba. Motarka tana shafe wata takwas tana shan ƙurar hunturu da rairayi, zafin Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40 yana busar da roba har ta tsage, sa'annan ruwan shekara, wanda a matsakaici bai yi nisa da milimita 400 ba, ya sauko kusan gaba ɗaya tsakanin Yuli da Satumba, sau da yawa bayan guguwar da ta ƙara cusa ƙasa a kowane lungu. Milimita ɗaya ta ruwan sama lita ɗaya ce a kan kowane murabba'in mita, wato ruwan milimita 30 yana zuba fiye da bido mai lita 25 a kan gilashin gaba kaɗai, kuma dukansa sai ya bi ta ƙananan ramuka biyu na magudanar da ke gindin gilashin. A daminar 2024, wadda ta kai ga rushewar tsohon masallacin Birni a watan Satumba, na ga motocin da suka yi shekaru ba su taɓa yoyo ba sun tona asirin magudanansu a dare ɗaya.

Kafin komai ka tabbatar ruwan sama ne, domin akwai ruwa iri biyu da ke jiƙa daidai wurin da ka ambata ba tare da hadari ya taso ba. Na farko shi ne ruwan na'urar sanyi, wadda muke kira kilim. Idan tana aiki, laimar iska tana zama ruwa a jikinta, ya taru a wani akwati a bayan dashbod, ya fita ta ɗan gajeren tiyo na roba ya ɗiga ƙarƙashin motar. A rani iskarmu a bushe take, don haka ruwan kaɗan ne. A Agusta kuwa ruwan yana ninkawa, kuma idan tiyon ya toshe da laka ko gidan zanzaro, ko ya zame daga mazauninsa, sai ruwan ya dawo kan kafet. Abin da ya sa mutane suke ɗora wa ruwan sama laifi ke nan, tunda a damina kaɗai matsalar take bayyana. A ranar da ba a yi ruwa ba ka kunna kilim na minti goma sha biyar motar tana tsaye, ka leƙa ƙarƙashinta ta gefen fasinja. Idan ruwa yana ɗiga a ƙasa, tiyon a buɗe yake. Idan ƙasa a bushe take kafet kuma yana ƙara jiƙewa, ka kama ɓarawonka. Na biyu shi ne ruwan lagireto, wanda ke ratsa wani ƙaramin lagireto na ɗumama mota a bayan dashbod, kuma duk motar da ta fito daga Turai tana da shi. Asalin ruwan sanyaya inji yana da launi, kore ko ja, yana da santsi a yatsa da ƙamshi mai zaƙi-zaƙi, kuma guba ne, ba a ɗanɗana shi. Amma tunda da yawa cikinmu ruwan famfo muke zubawa, launi ba zai taimaka ba. Sai dai ka duba tankin ruwan da safe kafin ka tada inji, kwana uku a jere, ka ga ko yana raguwa.

Idan waɗannan biyun sun fita daga zargi, to bayaninka ya riga ya nuna mini inda zan fara buɗewa. Ka ɗaga murfin inji ka dubi gindin gilashin gaba, za ka ga wata baƙar roba mai tauri mai ramuka kamar rariya, wadda hannuwan waifa suka fito ta cikinta. A ƙarƙashinta akwai dogon komi na ƙarfe, kamar komin shayar da dabbobi, daga wannan gefen mota zuwa wancan, kuma duk ruwan da ya gangaro daga gilashi a nan yake zuba, ya fita ta kusurwoyi biyu a bayan tayoyin gaba. A cikin wannan komin, ta gefen fasinja, akwai bakin da fankar mota take jawo iskar waje, an ɗaga leɓensa kaɗan don kada ruwa ya kai gare shi. Idan kusurwoyin suka toshe, ko suka rage faɗi, yayyafi yana iya tsiyayewa a hankali ba tare da ya taru ba, amma ruwa mai ƙarfi zai cika komin ya haura leɓen, ya zuba cikin fanka, ya ratsa matatar iska, ya sauka daidai inda fasinja yake ajiye ƙafa. Ka ga wannan ya yi daidai da abin da ka faɗa, cewa sai an yi ruwa mai ƙarfi kafet yake jiƙewa. Shaidar tana kusa da hannunka: a irin motarka matatar iskar tana bayan akwatin da ake ajiye takardun mota a gaban fasinja. Ka sauke akwatin ka zaro ta. Idan ka tarar da ita a jiƙe, ko ta lanƙwashe da tabon laka, ko fankar tana kuka kamar tana wanka idan ka kunna ta bayan an ɗauke ruwa, magana ta kusa ƙarewa.

Neman inuwa ma yana da nasa farashin. Dogon yaro yana zubar da ganye da ƴaƴa a kan mota, gawo kuwa, da yake shi a farkon damina yake zubar da nasa ganyen, ƙananan ganyensa suna wucewa ta ramukan rariyar nan ba tare da wahala ba, su haɗu da ƙura su zama yaɓe. Wani Alhaji mai shago a Kasuwar Dole ya taɓa kawo mini motarsa bayan an sauya masa gilashin gaba a wani wuri, an kuma zagaye sabon da silikon kamar an zuba kunu, amma ruwa bai fasa shiga ba. Da muka cire rariyar sai muka tarar da ƙasa ta daskare a cikin komin, kaurinta ya kai yatsa huɗu a kusurwa, ga ƴaƴan dogon yaro a ciki har ɗaya ya tsiro da farin jijiya, ga kuma ledar ruwan sha ta naɗe ta toshe bakin magudanar. Da cokali muka kwashe ƙasar, ta kusa cika rabin tiya. Muka zuba buta ɗaya, ruwa ya ɓulɓulo a bayan taya, ja wur da farko, daga baya ya washe. Ba mu sayi ko ƙusa ɗaya ba, kuma tsohon gilashin da aka jefar ba shi da laifin komai.

Wannan aiki kana iya tsayawa a yi shi a gabanka cikin awa guda. A yi wa gilashi alama da alli a inda waifa suke kwanciya, a kwance notinsu a cire su, a ɗaga rariyar a hankali domin rana ta riga ta gasa maƙalanta, saurin karyewa suke yi. A kwashe ƙasar tana busasshiya kafin a zuba ruwa, in ba haka ba za a tura lakar ne cikin magudanar a ƙara toshe ta. A kuma sassauta robar da ke cikin madigadi a bayan tayar gaba, domin a nan ƙarshen magudanar yake, kuma a nan laka take taruwa ta ci ƙarfe. Kafin a mayar da rariya a duba soson ko robar da ke zagaye da bakin fanka, a tabbatar ba ta ruɓe ba. Masu Volkswagen Passat na ƙarshen shekarun 1990 da farkon na 2000 su fi kowa kula, domin a cikin komin batirinsu yake zaune, magudanar tana ɓoye a ƙarƙashinsa, ruwan da ya shiga kuma yana samun akwatin lantarkin da ke sarrafa gilasai da makullai a ƙarƙashin kafet ɗin gaba.

Idan an wanke komin kuma ruwa bai daina shiga ba, sai a koma gwajin ruwa, wanda shi ne ainihin sana'ar, kuma ba ya son gaggawa. Ana buƙatar mutum biyu, da tocila mai haske, da alli, da kwali, da ruwa. A wasu wurare da tiyon famfo ake yi, amma a garin da kowa ya san darajar bido ɗaya na ruwa, buta biyu da bokiti sun wadatar, har ma sun fi, domin buta tana zuba ruwa a hankali a daidai inda kake so. Kada a gwada da injin wankin mota mai matsi, domin yana tura ruwa ta inda ruwan sama ba zai taɓa bi ba, sai a yi ta maganin abin da ba ciwo ba. Ka cire robar da ta danne bakin kafet a dokin ƙofa, ka naɗe kafet ɗin da soson da ke ƙarƙashinsa har ƙarfen daɓen motar ya bayyana, ka goge shi ya bushe ƙayau, ka shimfiɗa kwali. Ka tsayar da motar yadda take kwana a gidanka, idan gabanta ne yake kallon gangare to haka, domin akwai yoyon da ba ya bayyana sai mota ta karkata.

Mutum ɗaya ya shiga ya kwanta da tocila, kansa a ƙarƙashin dashbod, a rufe ƙofofi, ɗayan kuma ya fara zuba ruwa daga ƙasa yana hawa sama. Wannan ita ce ƙa'idar da aka fi karyawa. Wanda ya fara da rufi ya jiƙa komai lokaci guda, kuma ko ruwa ya bayyana a ciki ba zai san ta wace kafa ya shigo ba. A fara da gindin ƙofa a dakata kamar minti biyar, a hau zuwa gindin gilashin ƙofa a sake dakatawa, a koma komin waifa, daga nan gefen gilashin gaba, daga nan samansa, rufi kuma shi ne na ƙarshe, duk wurin da aka gama da shi a ja masa layi da alli. Na ciki kada ya tsaya kallon daɓe. Ya bi ɗigon da hasken tocila zuwa sama har inda ƙarfe ko waya suka koma busassu, domin a nan bakin hanyar yake. Ƙurarmu ma tana da ranarta a wannan aiki, domin duk inda ruwa ya saba bi yana barin jan layin laka a kan ƙarfe, kamar sawun ƙorama a rani, kuma sau da yawa layin yana nuna hanyar tun kafin a zuba ko ɗigo. Inda babu irin wannan sawun sai a barbaɗa farar hoda a wurin da ake zargi, ruwan zai rubuta hanyarsa a kanta.

Idan ɗigon ya fito tun ana kan ƙofa, akwai abu biyu da za a duba. Robar da ke shafar gilashin ƙofa daga waje ba ta tare ruwa duka, don haka ruwa yana shiga cikin ƙofar ya fita ta ƙananan ramukan da ke gindinta. Idan sun toshe za ka ji ruwa yana motsi a ciki in ka kaɗa ƙofar, kuma tsinke ya isa ya buɗe su. Abin da ke hana wannan ruwan shigowa cikin motar shi ne wata leda mai kauri da aka manna da baƙin gam a bayan murfin cikin ƙofar. Duk motar da aka taɓa gyara mata injin ɗaga gilashi ko makulli, ko aka sa mata sabuwar lasifika, akwai yiwuwar an yage ledar an jefar, domin yara masu koyon aiki da yawa suna ɗauka ba ta da amfani. Alamar ita ce ruwa yana fitowa ta ƙarƙashin murfin ƙofar ya bi dokin ƙofa ya shige ƙarƙashin kafet. Ana yanka sabuwar leda mai kauri a manna ta da irin baƙin gam ɗin da ba ya bushewa, a tabbatar bakinta na ƙasa yana mayar da ruwa cikin ƙofar. Robar kewayen ƙofa kuwa da takarda ake gwada ta: ka rufe ƙofar a kan takarda ka ja, ka maimaita a wurare da yawa, duk inda ta zare ba tare da turjiya ba robar ba ta kamawa. Wani lokaci robar lafiyarta lau, ƙofar ce ta sauka saboda gargada, sai an daidaita ta. Kada a shafa wa roba baƙin mai ko fetur da sunan tausasa ta, domin kumbura take yi ta lalace. Ruwa da sabulu sun ishe ta.

Ban wanke gilashin gaba daga zargi gaba ɗaya ba, amma shi ma sai da shaida. A tsofaffin motoci irin su Peugeot 504 gilashin a cikin roba yake zaune, robar ce take tsagewa. A irin taka kuwa manna shi aka yi da gam mai ƙarfi na foliyuretan, wanda daga kamfani ba kasafai yake saki ba, sai dai idan an taɓa sauya gilashin, mai aikin ya kankare fenti da wuƙa bai rufe wurin ba, tsatsa ta tsiro a ƙarƙashin gam ɗin ta ɗaga shi. Ana gwada shi da kumfar sabulu: a kankare silikon ɗin da aka shafa, a shafa kumfa a kewayen gilashin daga waje, wani kuma ya bi gefensa daga ciki da tiyon iska irin na mai faci, inda kumfa ta yi ƙwai tana tashi, nan ne kafar. Gyaran da yake ɗorewa shi ne a cire gilashin, a goge tsatsar har ƙarfe ya yi haske, a shafa fentin kariya, a sake manna shi da foliyuretan, a bar motar ta huta iya lokacin da aka rubuta a jikin gam ɗin. Ku yi yarjejeniya da mai aikin tun da farko a kan wanda zai ɗauki asara idan gilashin ya tsage wajen cirewa, domin hakan yana faruwa. Silikon na gini, musamman mai warin tsami, yana fitar da ruwan asid lokacin da yake bushewa, wanda ke ƙara wa ƙarfe tsatsa, kuma inda ya taɓa, fenti da foliyuretan ba sa kamawa sai an sha wahalar wanke wurin. Sau da yawa ma yana toshe hanyar da ruwa yake bi a ƙarƙashin robar ado ya sauka. Ka tuna kuma gilashin da aka manna yana cikin abin da ke tallafe da rufi idan mota ta kife, kuma a motoci da yawa a kansa jakar iska ta fasinja, wadda ke kumbura don kare mutum lokacin hatsari, take jingina idan ta buɗe, don haka ba wurin kwaskwarima ba ne.

Yoyon rufi yana da nasa alamu: tabo a kan yadin rufi, ko bel ɗin kujera ya fito a jiƙe. Idan motarka tana da tagar rufi, ka sani robar gilashinta ba a yi ta don ta tare ruwa duka ba. A ƙarƙashi akwai faranti mai rami a kowace kusurwa, galibi huɗu, da siraran tiyo da ke sauka ta cikin ginshiƙai. Ka buɗe tagar ka zuba rabin kofin ruwa a kusurwar gaba, ya kamata ya fito a bayan tayar gaba nan da nan. Idan bai fito ba a zura zaren roba mai ɗan tauri a hankali. Waya mai tsini tana huda tiyon, iskar mai faci kuma tana iya fizge shi daga mazauninsa a cikin rufi, aikin minti goma ya koma na yini guda. Motar da ba ta da taga sai a duba gindin eriya, da ƙarƙashin baƙaƙen robobi biyun da suka bi tsawon rufin, inda gam ɗin mahaɗin ƙarfe yake tsagewa da tsufa. Masu Hiace da Land Cruiser da ke lodin kaya a kariya, wato ƙarfen ɗora kaya na saman rufi, zuwa Tanout da Agadez sun san wannan ciwon, domin nauyi da girgiza suna buɗe mahaɗin, ramukan ƙusoshin kariya kuma suna faɗaɗa. A nan gam ɗin jikin mota ake sawa, wanda fenti yake hawa kansa.

Sauran wuraren ba sa ɗaukar lokaci. A bangon da ke tsakanin inji da cikin mota akwai robobin da wayoyi suke ratsawa, kuma duk wanda ya ƙara maka rediyo ko fitila yana iya huda ɗaya ko ya ture ta. A daɓen motar akwai toshe-toshe na roba, idan ɗaya ya faɗi ruwa zai shiga ne lokacin da ka ratsa kududdufi, ba lokacin da motar take tsaye ba. A baya kuma ka ɗaga tayar safaya ka duba ramin, domin soson bayan fitilun baya da kafofin fitar iska da ke ɓoye a bayan bamba suna yoyo, musamman a motar da aka taɓa buga ta baya, kuma ruwan yana iya gangarowa gaba ta ƙarƙashin kafet.

Warin da ka ambata ba zai tafi da turare ba. Fuskar kafet tana bushewa cikin awa kaɗan a ranarmu, amma soson da ke ƙarƙashinsa yana riƙe ruwa lita-lita na makonni, yana haifar da fumfuna, yana cin ƙarfen daɓe, yana kuma sa mahaɗan wayoyi su yi tsatsa mai launin kore, abin da daga baya yake fitowa a matsayin fitilar gargaɗi da ba a san dalilinta ba, ko gilashin da ya ƙi hawa. Sai an ɗaga kafet ɗin an tokare shi da itace, a matse soson, a buɗe ƙofofi a rana kwana biyu ko uku. Idan soson ya riga ya yi baƙi yana ɗoyi, a yanke shi a sa sabo. Idan aikin ya kai ga cire kujera, a kashe mota a cire baƙar wayar batir a jira aƙalla daƙiƙa 90, kamar yadda Toyota take umarta, kafin a taɓa mahaɗan wayoyi masu launin rawaya, domin na jakar iska ne. A irin motarka kwamfutar inji tana bayan akwatin takardun nan, maƙwabciyar fanka, don haka tunda za ka sauke shi don duba matata, ka haska mahaɗanta ka ga ko laima ta kai gare su.

Bayan gyara kada ka yi saurin mayar da kafet. Ka bar busasshen kwali a kan daɓen har motar ta sha ruwa mai ƙarfi sau biyu a inda ta saba kwana, kana duba shi kowace safiya. Daga nan kuma ka sa wanke komin waifa da buɗe ramukan gindin ƙofofi cikin aikin watan Mayu, lokacin da ake gyaran indararo a gida. Idan kuwa ka buɗe komin ka tarar da shi tsaf, matatar iska kuma a bushe, ka sake rubuto mini ka faɗa mini a wane mataki na gwajin buta ɗigon farko ya bayyana, da kuma ko ta bayan fanka ya sauko ko ta gefen ginshiƙi.